Ranar da Aka Ci Wainar Maharazu

Idan ka shiga jirgin ƙasa na ƙarfe shida da kwata daga unguwar Barking ta London, da wuya ka rasa ganin wani siririn dattijo mai furfura a gemu, ya rungume jakar kwamfuta kamar an ce masa yau za a ƙwace ta. Maharazu ke nan. A Temple yake sauka, ya haura da ƙafa zuwa wani ofis da ke bayan Aldwych. Hausawan unguwa Injiniya suke ce masa, kuma ya yi gyara har bakinsa ya gaji. Shi dai masanin duwatsu ne, aikinsa ya duba hotunan ƙarƙashin teku, ya ɗora yatsa ya ce wa kamfani a haƙa nan, akwai mai. Suka ce to ai wannan shi ne injiniya. Ya sallama musu.

Mutumin ƙasar Gumel ne, mahaifinsa kuwa haƙar rijiya ce sana'arsa. Tsohon yana da wata ɗabi'a da ke ba masu ja masa igiya haushi. In ya yi zurfin gaba ashirin ko talatin a ƙasa ya taɓa danshi, ba ya ɗaga murya ya ce an samu. Sai ya cika ɗan ƙoƙo da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma ya ɗaure a ƙugu, ya ce a jawo shi. Ya fito fuska a murtuke, ya wuce kowa, ya tafi gidan mai rijiyar ya yi sallama, ya ce masa, "Albishirinka." Sai mai rijiya ya ba da goro sannan gari zai ji. Maharazu ya taɓa tambayarsa dalili, tsohon ya ce, "Hannu nawa ne, amma rijiya tasa ce. Mai abu shi ke fara ji."

Boko ya ɗauke Maharazu daga bakin rijiya ya kai shi Zariya, daga Zariya ya tsallaka da shi Ingila. Ya yi shekara goma sha ɗaya a kan dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku, yana wanke ɓurɓushin dutsen da laka ke ɗaukowa daga ƙasa yana dubawa, a rijiyoyin da wasu suka riga suka gano. Daga baya wani ƙaramin kamfani ya ɗauke shi ya zaunar a London, aka ce yanzu kai za ka riƙa nunawa. Cikin shekara takwas ya nuna sau uku. Sau ukun duka aka kai injin haƙa tekun da ke gabas da Scotland, aka nutsa kilomita uku da wani abu, aka tarar da ruwan gishiri.

A sana'arsu wannan ba abin kunya ba ne, yawancin rijiyoyin gwaji haka suke ƙarewa. Amma je ka yi wa Hausawan Barking wannan bayani. Mako biyu bayan rijiya ta uku aka yi suna a gidan Is'haq, wani ɗan jarida mai aiki a gidan rediyon Hausa, mutum ne da ba ya iya ganin kafar zolaya ya ƙyale. Ana tsakiyar cin abinci ya ce, "Ku dai ku bar Injiniya, gado ya yi. Baba ya tono ruwa a Gumel, ɗa ya zo ya tono ruwa a tsakiyar ruwa. Wannan in ba albarka ba mene ne?"

Falo ya ɗauki dariya. Maharazu mai haƙuri ne, amma ranar an taɓa shi a inda ke yi masa ciwo. Ya ajiye cokali ya ce, "Ku yi dariyarku. Wallahi ranar da na samu mai, Maman Ikram za ta soya waina da miyar taushe a kai ƙofar masallaci ranar Juma'a, ku ci har ku ture."

Matarsa Sakinatu tana cikin mata a kicin, ta ji, ta ce, "Allah ya nuna mana." Shi ke nan, magana ta zama zarar bunu. Shekara shida ba a gaishe shi a ƙofar masallaci sai an haɗa da, "Injiniya, yaushe za mu ci waina?" Har 'ya'yan da aka haifa a nan, waɗanda in ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci, sun san wainar Kawu Injiniya. Yakan yi murmushi ya ce sai Allah ya yi, alhali maganar tana sukarsa kamar ranar farko.

Da aka zo rijiya ta huɗu yana da shekara hamsin da shida. Shugabarsa Fiona, wata 'yar Scotland da ba ta iya kwana-kwana a magana ba, ta kira shi ta ce kamfanin ba zai iya ɗaukar ruwan gishiri karo na huɗu ba. In wannan ta fito fanko, za a rufe sashensu. In kuwa aka dace, ta yi masa alkawarin kujera a jirgi mai saukar ungulu, ya je dandamali ya ga mansa yana kwarara da idonsa ranar gwaji. Wannan kujera ita ce abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa, don duk tsawon shekarun nan bai taɓa riƙe man da shi ya gano ba.

Sai lauyan kamfani ya shigo da takarda. Mutum goma sha ɗaya ne kawai za su riƙa ganin abin da ke fitowa daga rijiyar, kowa ya sa hannu. Kamfanin yana kasuwar hannun jari, kuma labarin samun mai yakan ɗaga farashi cikin minti kaɗan, saboda haka duk wanda ya bari labari ya fita kafin sanarwar kamfani, kora ce, watakila ma har da kotu. Lauyan ya ce ba mata, ba miji, ba aboki. Maharazu bai ga wani sabon abu a ciki ba, ai dokar mahaifinsa ce aka buga da inji. Da ya koma gida ya ce wa Sakinatu, "An fara haƙa. Don Allah kada ki tambaye ni komai har sai an sanar."

Ta ce, "Malam, yaushe na taɓa tambayarka?"

Gaskiyarta, ba ta taɓa ba. Ba ta da buƙatar tambaya, kuma nan ne Maharazu da duk iliminsa na duwatsu bai yi lissafi ba.

Kwana arba'in da ɗaya ana haƙa. Kowace safiya rahoto ya zo daga teku, an nutsa mita kaza, ga irin dutsen da aka ratsa, ga yawan iskar gas a cikin laka. Maharazu ya rame. Tuwo sai ya tsakura ya ture kwano. Waya ba ta barin hannunsa, har banɗaki da ita yake shiga. Ya koma azumin Litinin da Alhamis, ya daina zama hira a ƙofar masallaci.

Ranar Alhamis ta kwana na arba'in da ɗaya, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, aka kira daga dandamali. An zura na'ura cikin ramin an ɗebo abin da ke cikin dutsen a kwalba, an buɗe kwalbar a gaban shaidu. Ɗanyen mai ne, mai kyau, kuma dutsen da ke ɗauke da shi ya fi kaurin da shi kansa Maharazu ya yi fata. Fiona ta rufe ƙofar ɗakin taro, mutum goma sha ɗaya suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya yi ihu don akwai ma'aikata a waje da ba su cikin jerin. Ta ce za a ƙarasa awo a ƙarshen mako, a fitar da sanarwa ranar Litinin ƙarfe bakwai na safe. Ta dubi Maharazu ta ce ya haɗa jakarsa, jirginsa Litinin da rana.

Ya fita ya shiga ɗan lungun da yake salla kusa da matakala, ya sa goshi a ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya wanke fuska, ya tsaya gaban madubi yana gyara ta yadda tsohonsa ke yi in zai fito daga rami. Duk tsawon hanya daga Temple zuwa Barking yana riƙe da fuskar nan a murtuke, yana ce wa kansa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bai ce komai ba a gida, wannan ko a gaban alƙali zai rantse. Abin da ya yi dai shi ne, da aka sha ruwa ya cinye tuwonsa tas, ya miƙa kwano aka ƙara masa. Ya tashi yin alwala ya bar waya a kan kujera. Bayan isha'i ya hau kujera ya sauko da tsohuwar jakar da yake zuwa teku da ita daga saman kwaba, ya duba zik ɗinta, ya mayar a hankali yana zaton ba a gan shi ba. Sakinatu tana kwashe kwanuka, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta dai ce za ta leƙa wajen maƙwabciyarsu Abibatu ta dawo, ta fita da wata jaka mai nauyi.

Ranar Juma'a ya fita da sassafe kamar kullum. Aiki ya yi yawa, don haka a wani masallaci kusa da ofis ya yi Juma'a ya koma kan tebur. Ƙarfe biyu da kwata wayarsa ta yi ƙara, ya ga sunan Is'haq.

"Injiniya! Barka, barka, barka! Kai, ashe rai kan ga rai. Wallahi na ci bakwai, kuma miyar nan ta ji man shanu."

Maharazu ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙeya. Ya ce, "Bakwai me?"

"Waina mana! Hajiya ta cika alkawari. Kula uku aka kawo, ita da Abibatu, layi har bakin titi. Ana ta yi maka addu'a. To yanzu ka ba ni minti biyu kawai in yi recording, shirinmu na ƙarfe biyar ne. Ɗan Gumel ya gano mai a tekun Turawa, ai wannan labarinmu ne, kada wasu su riga mu."

 In ya ce e, ya karya doka da bakinsa. In ya ce a'a, ya yi ƙarya ranar Juma'a, kuma Litinin za ta tona shi. In ya ce don Allah a rufa masa asiri, to ya faɗa ke nan. Gaba kura, baya siyaki. Ya dafa tebur ya ce, "Malam Is'haq, ba ni da abin da zan ce maka."

"Haba Injiniya, mu da muka ci waina?"

"Ba ni da abin da zan ce maka. Kuma ko wa ya tambaye ni, abin da zan ce masa ke nan."

 Is'haq ya daɗe a aikin jarida, ya san sautin muryar mutumin da ke tsaye a bakin rami. Ya sauke murya ya ce, "To. Na ji. Allah ya ba da sa'a." Ya kashe, bai ce zai riƙe labarin ba, bai ce zai sake shi ba.

Maharazu ya fita matakala ya kira gida. Sakinatu ta ɗauka da muryar wadda ta gaji amma ranta fari ƙal.

"Maman Ikram, me kika yi?"

"Sadaka na yi, Malam."

"Me kika ce wa mutane?"

"Ban ce komai ba. Wallahi ban ce komai ba. Duk wanda ya tambaya na ce sadaka ce, a sa mu a addu'a. Ka ce ba a faɗa, ni kuwa ban faɗa ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Shekara ashirin da bakwai ina zuba maka tuwo."

Ya rufe ido. A wajenta doka ta hana magana ne, sadaka kuwa ba magana ba ce, tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, kuma alkawarin da aka yi da wallahi ba a barinsa ya tsallake Juma'ar farko. Ya ce, "Mutum nawa suka ci?"

"Sun kai ɗari. Malam, lafiya? Na yi laifi ne?"

 Ya ce zai kira, ya kashe.

Ya koma tebur ya buɗe shafin da ke nuna farashin hannun jarin kamfanin. Kasuwa ba ta rufewa sai huɗu da rabi, saura awa biyu. Lambar tana nan inda take, sai ta ɗan motsa sama, ta dawo, ta sake motsawa. A kowace rana haka take yi, amma yau duk motsinta sai ya ji a ƙirjinsa. Ya shiga lissafa fuskokin sahun masallaci. Akwai likitoci biyu, akwai mai aiki a banki, akwai direbobin tasi da ke saye da sayarwa a waya tsakanin fasinja da fasinja. Mutum ɗaya ya isa. Ko ma wani ya aika hoton waina a zauren WhatsApp na 'yan gida ya rubuta Injiniya ya samu mai, kafin la'asar labari ya kai Kano ya dawo. Kuma ba shi da ikon kiran kowa ya ce kada ka saya, don wannan ita ce faɗar da ta fi kowace.

Wata zuciya ta ce masa ya yi shiru. Turawan nan ba su san waina ba, ba su san masallacin Barking ba, ba wanda zai taɓa haɗa kula uku da rijiya a tsakiyar teku. Ya daure zuwa Litinin, sanarwa ta fita, ya hau jirginsa. Ya kusa yarda. Har ya jawo wani aiki ya buɗe, ya karanta layi ɗaya sau huɗu bai fahimci komai ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne, labarin ba nasa ba ne. Masu rijiya suna zaune a ɗakin da ke kallonsa, suna zaton asirinsu a rufe yake, alhali mutum ɗari sun ci sun wanke hannu.

Uku saura ashirin ya ƙwanƙwasa ƙofar Fiona.

Bai taɓa sanin Turanci yana da ƙaranci ba sai ranar. Ta ina za ka fara yi wa 'yar Scotland bayanin cewa matarka ta soya wani abu na shinkafa, kuma a unguwarku wannan daidai yake da a buga a jarida? Ya fara daga suna, ya koma kan alkawari, ya dawo kan tuwo. Fiona ta ɗaga hannu ta tsayar da shi, ta kira lauya, ta ce ya sake daga farko.

Lauyan ya saurara yana rubutu. Ya ce, "Ka gaya mata?"

"Ban gaya mata ba."

"Ka rubuta mata, ko ka bar takarda inda za ta gani?"

"A'a."

"To ta yaya ta sani?"

"Na ci abinci."

Lauyan ya ajiye biro ya dube shi. Maharazu ya ga abin da ke cikin idon, mutumin bai yarda ba, kuma da shi ne a kujerar da shi ma ba zai yarda ba. Sai aka tambaye shi mutum nawa, ya ce kamar ɗari. Akwai ɗan jarida a ciki? Ya ce akwai, shirinsa ƙarfe biyar. Fuskar Fiona ta yi ja har kunne. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki waya ta kira shugaban kamfani ta ce ba za a jira Litinin ba, dole sanarwa ta fita yanzu da abin da ke hannu.

Aka bar shi zaune a wani ƙaramin ɗaki mai bangon gilashi, yana kallon mutane suna gudu da takardu. Sakamakon da ya yi shekara ashirin da biyar yana jira ake rubutawa a ɗakin da ke kusa, ba a neme shi ya duba ko kalma ɗaya ba. Yana ganin agogon bango. Uku da kwata. Uku da rabi. Huɗu saura ashirin da biyu sanarwa ta fita, ofis ya kaure da tafi, waɗanda ba su cikin jerin suna rungumar juna. Ana cikin tafin lauya ya shigo ya karɓi katin shigarsa da kwamfutarsa, ya ce ya zauna a gida har a gama bincike.

Ranar ce kaɗai aka taɓa ganin Maharazu a jirgin Barking hannu rabbana. Bai san inda zai sa hannuwan ba, sai ya haɗe su a cinya.

Ya tarar da Sakinatu zaune a kicin da mayafinta, ba ta ko cire ba tun dawowarta. Gidan duk ƙamshin waina. Ta ajiye masa nasa a kwano an rufe da faranti. Tana ganinsa ba jaka ta gane, ta sa hannu ta rufe baki.

A hanya ya shirya maganganu, masu zafi ma kuwa. Da ya ga ƙunar mai a bayan hannunta, wuri uku, sai duk suka tsere. Shekara shida ita ma ana tsokanarta a cikin mata, ana ce mata ko tandar ta yi tsatsa ne, ba ta taɓa kawo masa ƙara ba. Ya ja kujera ya zauna. Ta ce, "Malam, na kashe maka aiki ko?" Ya ce, "Ban sani ba tukuna." Ya ji tausayinta, ya ji haushinta, ya ji haushin kansa da ya fi kowanne, don shi ya yi rantsuwar a gaban jama'a. Wainar nan ba wanda ya taɓa ta, da safe ta juye a shara.

Litinin da rana jirgi mai saukar ungulu ya tashi daga Aberdeen ta Scotland da wani a kujerarsa.

Mako uku ana bincike. Aka duba wayarsa, aka duba saƙonninsa, aka bi sawun duk wanda ya sayi hannun jarin kamfanin tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu saura na ranar Juma'ar nan. A mako na biyu Sakinatu ta ce sai ta je da kanta. Ya hana, ta ce ba izini take nema ba wannan karon, ya yi haƙuri. Ta sa atamfarta ta fita kunya, ta zauna gaban lauyoyi biyu da Fiona, ta lissafa musu da yatsu: ƙarin tuwo, waya a kan kujera, jaka a saman kwaba. Ɗaya lauyan ya ce, shi ke nan? Ta ce, "Kai kana da mata?" Ya ce yana da ita. Ta ce, "To ka je ka tambaye ta abin da ta sani a kanka wanda ba ka faɗa mata ba." Fiona ta sunkuyar da kai tana kallon takarda.

Bincike bai samu kowa ba. Hausawan Barking sun ci waina, sun shafa fatiha, sun koma bakin aikinsu, ko mutum ɗaya bai yi tunanin kasuwa ba. Is'haq kuwa shirinsa na ƙarfe biyar ya fita ba sunan Maharazu a ciki, kuma har yau bai sake yi masa zolayar ruwa ba. Kamfani ya rubuto cewa ba a same shi da laifin faɗa ba, ya dawo aiki. Sai dai an cire sunansa daga jerin masu ganin rijiya tana kan haƙuwa, kuma ba za a mayar ba. Aka ba shi tebur a sashen tsofaffin bayanai. Filin man da ya gano, a jarida yake karanta labarinsa kamar kowa.

A gida kuma wani abu ya canza wanda ya fi wannan damunsa. Sakinatu ta naɗe tandarta a leda ta tura can ƙarƙashin gado. Ta daina kallon fuskarsa in ya shigo, sai ta karɓi jaka ta kau da kai, kamar mai tsoron kada ta sake ganin abin da ba a ce ta gani ba. Ya yi ta ce mata ya wuce, ta ce to, amma bai wuce ba.

Wata biyu bayan haka, wata Laraba, ya dawo daga sallar azahar ya tarar da ambulan a kan teburinsa. A ciki akwai 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba, an toshe bakinta da jan kaki, an rubuta lambar rijiyar da zurfinta a jiki. Ba wasiƙa, amma ya san rubutun Fiona. Ya ɗaga ta wajen taga. Man ba baƙi ba ne kamar yadda mutane ke zato, ruwan ƙasa ne mai duhu, yana bin gilashin a hankali in an karkata.  Akwai abokan aiki a kusa da za su so su gani, bai nuna wa kowa ba. Ya zaro hankici ya naɗe ta, ya sa a aljihun ƙirji.

Da ya isa gida bai buɗe da makullinsa ba. Ya tsaya a ƙofa ya danna ƙararrawa, ya yi sallama kamar baƙo. Sakinatu ta buɗe tana mamaki, ta miƙa hannu za ta karɓi jaka, idonta a ƙasa.

Ya ce, "Maman Ikram, dube ni."

Ta ɗago a hankali. Ya kama hannunta, wanda tabon ƙunar bai gama ɓacewa ba, ya ɗora mata ƙullin hankicin a tafi.

Ya ce, "Albishirinki."

Ta warware ta ga kwalbar, ta daɗe tana kallonta. 

"Goro," in ji ta, hawaye na zuba. "Fari ƙal, Malam."